Farin Yadi a Zangon Sinawa

Fati da Nasiru, na san abin da aka faɗa muku game da shekarun da ban zo gida ba. An ce an kama ni da laifi a Doha, an ƙwace makullin mota daga hannuna, an mayar da ni wankin tukwane a gidan abincin Sinawa, kunya ta hana ni dawowa har mahaifiyata Mma ta rasu. Rabinsa gaskiya ne. Na yi laifi, kuma na wanke tukwane. Amma ba wanda ya ƙwace makulli, ni na miƙa shi. Yanzu da hannuna ya iya riƙe biro, albarkacin Malam Bashir, ɗalibin Zariya da yake koya mana karatu duk Juma'a a unguwar Al Asmakh ta Doha, gara ku ji daga wurina. Ba don in wanke kaina nake rubutawa ba. Na gaji da jin labarina a bakin waɗanda ba sa wurin.

Sai na fara nuna muku unguwar, don in ba ku san ta ba, ba za ku gane yadda ƙyalle ya zama laifi ba. A bayan benayen unguwar Bin Mahmud akwai layuka uku da Sinawa suka cika. Ba allon da ya rubuta sunansu. Mu ne muke ce wa wurin zangon Sinawa, domin ranar da na fara shiga sai na ga kamar unguwarmu Aboabo ta Kumasi ce aka canza wa fuska. Baƙo zai sauka daga jirgi da jaka ɗaya da lambar wayar ɗan garinsu, kafin la'asar ya samu katifa da kwanon abinci. Mutanen lardi ɗaya suna bene ɗaya, kamar yadda Mosawa da Zabarmawa da Dagombawa kowa ke da ɓangarensa a wurinmu, kuma su ma suna yi wa juna gorin abinci: waɗannan sun cika barkono, waɗancan miyarsu kamar ruwan wanka. Akwai kantin busasshen kifi da ganyayen da har yau ban san sunansu ba. Akwai mai aski. Akwai wani mai yin ƙaho da kofunan gilashi, wanda da wanzamin unguwarmu ya gan shi da ya ba shi hannu. A kan rufin benaye suna shuka albasa da kabeji a cikin bokitan fenti. Da asuba bas kan kwashe maza zuwa wuraren gini, filayen wasa da tituna da ake ta sauri a gama kafin gasar cin kofin duniya. Da yamma a dawo da su fari fat da siminti, su tsuguna a bakin titi suna shan taba, kowa da waya a hannu yana kallon ɗansa da ke girma babu shi. Wannan kallon na san shi, ni ma shi nake yi.

A layi na tsakiya gidan abincin Madam Lin yake, kamfaninta ne kafil ɗina, wato mai ɗaukar nauyin zamana da aikina a ƙasar. Aikina in loda kwalayen abinci a mota in kai wa magina. Kafin ku tambaya, naman shanu ne da kaza da kifi, ba na alade. Mai dafawa shi ne Gao, mu muna ce masa Tsoho Gawo. Gajere ne mai sanƙo, hannuwansa duk tabon mai. Ba ya jin Turanci sai kalma goma, ni ba na jin yarensu ko ɗaya, amma mun yi shekara biyu muna hira da hannu da gira. Da azumi yakan ajiye min taliya da zafinta, ya nuna rana ya nuna bakinsa, wato in ta faɗi ka ci. Nakan nuna masa hoton mahaifiyarku Memuna, shi ya nuna min matarsa, wata ƙaƙƙarfar mace tsaye a tsakar gida, masara rataye a bayanta, kaji a ƙafarta. In ya nuna ta sai ya murɗa kunnensa da kansa ya yi dariya, wato ita ce mai gidan.

A shekarata ta farko na fito wata safiya na ga layin ya yi ja. Jan takarda a kowace ƙofa, jan ƙyalle, jajayen fitilu. Ku kun san Kumasi, inda Asante suka ɗaura ja mutuwa aka yi. Na cire hula na je wurin Madam Lin na yi mata gaisuwa. Ta yi dariya har ta riƙe tebur, ta kira Tsoho Gawo ta faɗa masa, shi ma ya dinga bubbuga bayana. Ashe sabuwar shekararsu ce, ja a wurinsu launin murna ne. Da ina da wayo, tun ranar da na tambaya: to mutuwa fa, wane launi kuke sa mata? Ban tambaya ba. Na ci burodin tururi, na yi dariya tare da su, na wuce.

Sai korona ta zo. Aka rufe kantuna, aka daina zama a bakin titi, kowa da takunkumi. Mu ba mu daina aiki ba, tun da magina sai sun ci, amma layin ya yi tsit, ba ka jin komai sai kukan na'urorin sanyi da jiniyar motar asibiti. Da ta tsaya sai labule su motsa a kowace taga, ana duba na wane bene aka zo ɗauka. Ranar da ta tsaya a ƙofarmu, Tsoho Gawo aka ɗauka. Ya yi mako uku. A mako na biyu wayarsa ta mutu, ba wanda ya ƙara jin muryarsa, sai abin da asibiti ta faɗa wa Madam Lin. Ni na riga na sallama shi. Sai wata yamma Madam, wadda take zaune a gidanta na Nu'aija ba ta fita, ta kira ni ta ce gobe da rana za a sallame shi, in shirya mota. Ni kaɗai ta faɗa wa, don ba ta so ta yi wa mutane albishir sai ta tabbata.

Kun san yadda muke yi a gida. Mace ta sauka lafiya, a ɗaura fari. Mutum ya tashi daga ciwon da aka cire rai, a tarye shi da fari. Ranar da aka haife ki, Fati, unguwar duk fari ta sa. Ina da farar shadda yadi huɗu da na saya a Al Asmakh don ɗinkin Sallah, kulle ya hana ni kai wa tela. Bayan sallar asuba na ɗauko ta na raba biyu da almakashin kicin. Rabi na shimfiɗa a saman ƙofar gidan abinci, ya sauko gefe da gefe, rabi na rataya a ƙofar ɗakin Tsoho Gawo. Na ja da baya na duba, ya yi kyau. Na ɗauki mota na tafi kasuwar kayan miya, zuciyata fes.

Kafin hantsi wani ya leƙo ta taga ya ɗauki hoto, ya saka a zaurensu na waya. Farin ƙyalle a ƙofa a wurin Sinawa ba ya buƙatar bayani, shi ne sanarwar mutuwa. Wani ɗan garin su Gao ya gani ya tura wa ɗan'uwansa a gida, ɗan'uwan ya tafi da ƙafa ya faɗa wa matar. Tana kan matakala tana sauko da wani abu daga rumbu lokacin da ya faɗa mata. Ta faɗo, ƙashin kwatangwalonta ya karye. Ni ban san komai ba. Na dawo da albasa da kabeji na tarar da mutane tsaye nesa nesa da juna a gaban ƙofarmu, an ajiye lemo a faranti a ƙasa kamar yadda suke yi wa mamaci, ga Madam Lin ta fito daga mota, takunkumi a haɓa.

"Isufu, wa ya rataya wannan?"

"Ni ne, Madam. Murna ce."

"Murna? Cire! Cire, cire!"

Na cire. Na je na ɗauko Tsoho Gawo daga asibiti kamar yadda aka tsara. Ya rame, yana numfashi kamar wanda ya hau dutse, amma da ya gan ni ya ɗaga babban yatsa. A ƙofar gida Madam ta miƙa masa wayarta. Matarsa tana kwance a gadon asibitin garinsu, ta ƙi yarda yana raye duk da an gaya mata, don ta san mutanensu kan ɓoye wa mara lafiya mummunan labari. Sai da ta ga fuskarsa. Ina tsaye na ji kukanta. Ya saurari Madam ta gama yi masa bayani, ya juyo ya dube ni sau ɗaya, ya shiga ɗaki. Hanyar ƙasarsu a rufe take, ba jirgin da zai kai shi wurinta.

Da na gaya wa Malam Bashir, ya riƙe haɓa ya ce ko a Zariya ya ga farin ƙyalle a ƙofar mara lafiya sai gabansa ya faɗi, ba farin ne likkafaninmu ba? Na ce haka ne, amma ni a Kumasi na girma. Na sake yin abin da na sani. Na je wurin Alhaji Tanko, dattijon da mu 'yan zangon Ghana muke kai wa ƙararmu a Doha, ya tara tsofaffi huɗu. Da aka sassauta kulle suka zo da manyan riguna, suka tsaya a tsakiyar layi. Aka kira Tsoho Gawo ya fito da cokali a hannu. Na durƙusa a kan kwalta, Alhaji ya cire hula ya fara ban haƙuri da Turanci da Hausa, tagogi suka cika da kawuna. Fuskar Gao ta yi ja har wuya. Ya juya ya shige, ya turo ƙofa.

"Wancan karon ka kashe shi," in ji Madam Lin, "yau kuma ka tara masa 'yan kallo."

Alhaji Tanko ya mayar da hularsa ya kama kafaɗata.

"Isufu, mun yi namu. Wanda aka ba haƙuri ya ƙi karɓa, shi da Allah. Tashi, gwiwarka ba ta yaro ba ce."

"Alhaji, matar ba ta tafiya."

"Kai ka tura ta?"

"Ni na rataya yadin."

Madam ba ta kore ni ba. Amma na ga Gao ba ya iya ɗaga babbar tukunya, in ya kai ta rabi sai ya ajiye ya dafa bango. Na kai wa Madam makullin mota na ce ta ba wani, ni a sa ni a kicin. Nan ne labarin da kuka ji ya samo asali. Na zama hannunsa. Ni ke ɗaga tukunya, ni ke kankare kasko, ni ke yanka albasa buhu buhu. In yana son abu sai ya nuna da cokali ba tare da ya dube ni ba. Kicin ɗin taku shida ne, mu biyu, ga zafin wuta ga zafin Doha, haka muka yi wata da watanni. Wani lokaci ina jin yana waya da ita a bayan gida. An yi mata aiki, ta tashi, amma da sanda, kuma ta sayar da kajin don ba ta iya bin su.

A shekara ta biyu da shigata kicin Alhaji Tanko ya samo min aikin gadi a wani kamfani mai kula da filayen wasa. An riga an sauƙaƙa canjin kafil, kuma sun yarda in fara zuwa gida wata biyu kafin in kama aiki. A lokacin Mma ta fara ciwon da ya tafi da ita. Na ce a'a. Ko hutu na ƙi ɗauka. Dalilina shi ne, kowane wata ana cewa hanyar ƙasar Sin za ta buɗe, kuma na san ranar da ta buɗe Gao zai tafi, ba zan sake ganinsa ba sai gaban Allah, da haƙƙin matarsa a wuyana. Na ce in ƙara wata ɗaya. Wata ɗaya ya zama biyu, ya zama shekara. Mahaifiyarku ta kira ni ranar wata Lahadi, ina jin ƙarar murfin tukunya a bayanta.

"Baban Fati, ɗan Cainan nan shi ya haife ka?"

"Memuna, ki yi haƙuri."

"Haƙurin nan kai ka kwashe shi duka, ba ka bar wa kowa ba. Mma, ga shi, yi masa magana da kanki."

Mma ba ta karɓi wayar ba. Daga kan tabarma na ji ta ce:

"Ki ƙyale shi ya gama wanke tukunyarsa."

Har yau ban sani ba ko izini ta ba ni ko gatse ta yi min. A lokacin na ɗauke shi izini, don shi ya fi min sauƙi. Kai kuma Nasiru, ka tuna ranar da ka kira ka ce ta kama hannunka ta ce, "Ka dawo?" tana zaton ni ne, kai kuma ka amsa mata da e. Na ce maka in Allah ya yarda bayan gasar. Ka kashe wayar ba sallama. Ban ga laifinka ba.

Mma ta rasu saura mako uku a fara gasar. Ina yanka albasa Memuna ta kira, kafin la'asar kun binne ta. Na ci gaba da yanka, don ban san abin da zan yi da hannuna ba. Madam ta shigo ta faɗa wa Gao da yarensu. Ya zo ya zare wuƙar daga hannuna, ya nuna min ƙofa da haɓa. Na fita. Washegari na dawo, muka ci gaba kamar da.

Gasar ta zo da hayaniyarta. Tutoci, ganguna, baƙi masu fenti a fuska suna shigowa layinmu neman taliya. Mun dafa har ƙafafuna suka kumbura. 'Yan zangonmu sun je kallon 'yan wasan Ghana, ni ban je ba, ta taga nake jin ihun gari. Amma zangon Sinawa ya riga ya fara mutuwa, domin gini ya ƙare. Bas ɗin da ke kwasar maza zuwa aiki yanzu filin jirgi yake kai su. Mai ƙaho ya rufe, mai aski ya sayar da kujerarsa, albasar kan rufi ta bushe a bokiti. Bayan an ɗaga kofi da ɗan lokaci hanyar ƙasarsu ta buɗe. Madam Lin ta same ni a bakin famfo ta ce jibi Gao zai tafi. Na kashe ruwan.

"Madam, a garinku in mutum ya yi wa babba laifi, yaya yake yi?"

Ta dube ni.

"Shekara biyu da rabi kana goge min kasko kamar za ka huda shi. Sai yau ka tambaya?"

"Sai yau, Madam."

"Shayi. Ba madara, ba sukari, wannan kunun naku ba shayi ba ne. Ka riƙe kofin da hannu biyu. Kai da shi kaɗai, kar ka kwaso min tsofaffi. Ka sunkuyar da kai, ba sai ka zube kamar ragon layya ba. In ya sha, ya wuce. In bai sha ba, ka ɗauki kofinka ka fita."

Washegari da hantsi, bayan an gama abincin safe, na dafa shayin da ganyen da ta ba ni na hau ɗakinsa. Yana zaune a bakin gado, jakunkuna biyu a ɗaure. Na tsaya a gabansa na miƙa kofin da hannu biyu, kaina a ƙasa. Bai karɓa ba. Ya ɗauki waya ya kira matarsa ta bidiyo, ya juya wayar ta fuskance ni. Na ɗan ɗago. Tana zaune a kujera a tsakar gidan nan da na sani a hoto, sanda a jingine da gwiwarta, gashinta ya yi fari. Ta dube ni, ta dubi kofin, ta fara magana. Ta daɗe tana yi. Muryarta ta hau har ta buga sandar a ƙasa, ta sauka, ta sake hawa. A wani wuri ta yi wata gajeriyar dariya, ta goge ido da bayan hannu. Ba mai fassara a ɗakin, kuma ban taɓa samun wanda zai faɗa min abin da ta ce ba. Tururin shayin ya daina tashi. Da ta yi shiru, Gao ya yi mata tambaya ɗaya, ta amsa da kalma ɗaya. Ya ajiye wayar a kan jaka yadda za ta gani, ya karɓi kofin da hannu biyu, ya shanye shi da sanyinsa har ƙasa.

"Khalas," ya ce da Larabcin titi, wato ya wuce. Ya miƙo min kofin, ya nuna ni da haɓa. "Ghana. Yalla." Wato in tafi gida.

Bayan mako biyu na sauka Kumasi. Nasiru, kai ka kai ni maƙabarta, kana gaba ina baya. An binne mutane da yawa bayanta, tudun ƙasar duk sun yi kama da juna. Ka tsaya ka duba, ka ƙirga daga bishiya, ka sake ƙirgawa, ka ce ko wannan ne ko na kusa da shi. Na tsuguna a tsakaninsu na yi wa su biyun addu'a.